Ku Tsayar Da Jirgin A Tashar Rimi

Zuwa ga babban da aka damƙa wa maganar dawo da jirgin fasinja a layin Kumasi zuwa Takoradi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da duk waɗanda ke ƙarƙashinka a ofis. Ya aiki, ya haƙuri da jama'a? Allah ya taya ka riƙo.

Sunana Ramatu, a Alabar nake zaune nan Kumasi, koko da ƙosai nake sayarwa da safe a bakin lungunmu. Ban san sunanka ba, ban san ƙofar ofishinka ba, shi ya sa na rubuta a fili inda kowa zai gani, wanda ya san ka ya kai maka. In ba ka jin Hausa, ba za a rasa ɗan zongo cikin masu tuƙa ka ko masu gadinka ba, ka ba shi ya karanta maka, kuma don Allah kada ya rage komai wai don ya gyara mini. Makaranta ban yi nisa ba. Da yatsa ɗaya nake danna wayar nan, yadda magana ta zo bakina haka nake sa ta, ka yi haƙuri da ni.

Abin da ya tayar da ni ga shi. Kwanan baya ina tace koko, rediyo na kan taga, sai na ji a shirin Hausa ana cewa za a dawo da jirgin mutane a layin nan namu, wanda aka daɗe da bar wa dutse shi kaɗai. Wallahi sai da na ajiye rariya na ƙara murya. Mai magana ya fara jero garuruwan da jirgin zai tsaya, ina binsa da baki. Ya ce Kumasi, ya ce Obuasi, ya ce Dunkwa, ya ce Tarkwa. Na miƙe tsaye, don na san mu ne a gaba. Sai na ji ya ce Takoradi, ya gama, aka sa talla. Ya tsallake Tashar Rimi yadda mutum ke tsallake kwata. Adiza da ke taya ni suyar ƙosai ta ce, "Yaya Ramatu, kokonki fa na zuba ƙasa." Na ce bar shi ya zuba.

Tashar Rimi wani ɗan ƙaramin gari ne tsakanin Tarkwa da Takoradi. Yana da nasa suna a takardunku, amma mu 'yan zongo haka muke ce masa, saboda wani ƙaton rimi da ke bayan dakalin tasha. A can aka haife ni. A can kuma yarinyata take aure, tana ɗauke da ciki yanzu haka da nake maka rubutun nan, kuma a kanta zan yi magana.

Za ka ga ina ta cewa yarinyar, yarinyar, ba na faɗin sunanta. 'Yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Tun da na haife ta "ke" nake ce mata. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa.

Na ɗaya.

Ranka ya daɗe, jirgi ne ya haifi garin nan, ba garin ne ya roƙi jirgi ba. Kakanmu fatauci ya kawo shi daga arewa, goro yake saye, ya bi layin dogo har ya ga wurin da jirgi ke tsayawa, ya kafa bukka. Wasu suka biyo shi, aka yi masallaci, aka yi mahauta, aka yi zongo. Ba wanda ya damu da hanyar mota, don me? Ga jirgi a ƙofar gida. Uwata shinkafa da wake take dafawa, ni da ƙawata Salamatu mu ne masu ɗaukar faranti. Da mun ji kukan jirgi daga cikin daji sai mu zuba da gudu, mu bi tagogi muna miƙa abinci a ganye. Wani sai jirgi ya fara tafiya zai tuna bai biya ba, ya wurgo kuɗi ta taga, mu bi muna tsinta a cikin tsakuwa. Tonawa, wato mutanen Asante, su ce keteke ya zo, mu mu ce jirgi ya zo, duk garin ya tashi.

Da aka yi mini aure Kumasi, jirgin nan ne ya kawo ni, ni da kwallayena da gadona da 'yan rakiya, aka sauke mu a tashar Adum. Da na samu ciki na farko, watan bakwai na kamawa aka mayar da ni gida goyon ciki yadda ake yi, in haihu a gaban uwata, ta yi mini wankan jego, sai na yi arba'in in koma. A jirgi na tafi. Na shimfiɗa zane a benci na kwanta abina, ban farka ba sai wajen Tarkwa. Akwai wani gadin jirgi, dogo, mai barkwanci, ya gane ni, ya ce, "Amarya, na kai ki ke ɗaya, yanzu ku biyu ne da tikiti ɗaya? Sai na kira 'yan sanda." Na rufe fuska da mayafi, duk taragon aka yi ta dariya. Shi ya riƙe hannuna na sauka. Ko ciwon baya ban yi ba. Haka aka haifi yarinyar nan a Tashar Rimi lafiya lau.

Sai jirgin ya fara latti. Sai ya koma yau ya zo gobe bai zo ba. Sai aka ce ana gyara. Ba wanda ya zo ya tsaya a gabanmu ya ce jama'a mun janye muku jirgi, ku nemi wata hanya. Shiru kawai, har muka gane da kanmu. Amma jirgin da ke kwasar baƙin dutsen nan daga Nsuta zuwa bakin teku, shi bai daina ba. Layin da aka ce ya lalace wa mutum bai lalace wa dutse ba. Ya wuce ta gaban ƙofar mutane da kaya, ya dawo babu kaya, kwanukan ɗaki na rawa, yara na ɗaga masa hannu. Uwata ta kife tukunyarta ta sana'a. Masu ƙarfi suka bar garin, aka bar tsofaffi da waɗanda ke da gonar koko.

Na biyu, kuma shi ne ciwon.

Yarinyar nan ta tashi a Alabar, amma takan je hutu wurin kakarta, a can ta ga Fuseini ɗan Salamatu ƙawata, tela ne, yaron kirki. Suka so juna, muka yi murna, aka yi biki. Da ta samu ciki, shekaran bara ke nan, na fara shiri. Na sayi itace na jibge a bayan ɗaki. Na sayi babbar tukunyar dafa ruwan wanka, irin wadda mutum biyu ke kamawa. Na tanadi gero da kanwa da kayan yaji. Na sa aka shafe ɗakina da farar ƙasa. In mata sun tsokane ni, "Ramatu za a zama kaka," sai in ɗaure fuska in ce ni ina ruwana, itacen koko ne. Kowa ya san ƙarya nake.

Lokacin da ya kamata ta taho, damina ta kankama. Hanyar da ta haɗa garin da babban titi ta ƙasa ce, masu katako da 'yan galamse masu haƙar zinariya sun gama cinye ta da manyan motoci, in aka yi ruwa tasi ba ya shiga. Aka ce a jira ta ɗan bushe. Aka jira, ruwa bai ɗauke ba, ciki na ta tsufa. Da suka ga rana ta ɗan fito kwana biyu, suka ce bari a gwada. Abin hawan da ya yarda ya shigo shi ne aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya. Suka shimfiɗa mata katifa a baya.

Ba na wurin. Abin da Salamatu ta faɗa mini nake faɗa maka, kuma Salamatu ba ta ƙarya, tun muna yara ko canjin fasinja ba ta taɓa ci ba. Ta ce da hantsi suka tashi. Ba su yi nisa ba abin ya faɗa wani rami da ruwa ya rufe, ya jefa yarinyar sama ta dawo a kan ƙarfe. Ta ce "wayyo Mma," ta riƙe ciki. Da Salamatu ta duba zanenta sai ta ga jini. Gaba taɓo ne har gwiwa, aboboyar ta kafe, sai suka tallabo ta suka dawo da ita tasha, don nan ne inuwa mafi kusa.

Ranka ya daɗe, ka san me suka tarar a tasha? Jirgi. Jirgin dutse yana tsaye, injinsa na aiki, yana jiran ɗan'uwansa mai kaya ya wuce don layin ɗaya ne. Babu komai a cikin taragunsa sai iska da ruwan sama. Kuma fuskarsa wajen Tarkwa take kallo, inda asibiti yake.

Salamatu, mace da jikoki, ta cire mayafinta ta shimfiɗa a tsakuwa ta durƙusa a gaban injin. Direban ya sauko, dattijo ne Bafante mai furfura. Ya dubi yarinyar, ya ɗora hannu biyu a ka. Ya ce, "Maame, ni ma ina da 'ya'ya mata. Amma jirgin nan ba a rubuta masa mutum ba. In na ɗauke ta aikina ya ƙare yau, in kuma ta mutu a hannuna kurkuku zan tafi." Fuseini, yaron da ko tsawa bai iya ba, ya kama rigar mutumin yana ihu, "To ka ɗauke ta a matsayin kaya! Ka ce buhu ce! Ka ce dutse ce!"

Ba na zagin direban nan, kuma don Allah kada ku neme shi. Ya yi ƙoƙari. Ya hau saman injin yana ɗaga waya sama yana neman sabis, ya samu wani babba, babban ya ce bari ya tambayi wani babban. Suna cikin jira jirgi mai kaya ya iso ya wuce, aka ba direban hanya. Ya miƙa wa Salamatu robar ruwansa da tawul ɗin wuyansa, ya hau, ya tafi. Salamatu ta ce tana kallon taragun nan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne zai ɗauki gidanmu gaba ɗaya, yarinyar kuwa tana kwance a kan dakali.

Sai maza suka ɓalle ƙyauren tsohon ɗakin sayar da tikiti, suka ɗora ta a kai, suka ɗauka a kafaɗa, suka bi ta cikin gonaki da taɓo har inda mota ke iya zuwa. Abin da reluwe ta ba jikar mai shinkafa da waken tasha ke nan, ƙyauren ƙofa. Ba su isa asibiti ba sai bayan la'asar. Ita Allah ya yi da sauran kwananta. Yaron, namiji ne, ya riga ya tafi. Likita ta ce da sun iso da wuri da an yi wani abu. A can aka rufe shi, ba suna, ban ga fuskarsa ba.

Ni kuwa ina Kejetia tun azahar, a tashar lori, da kular abinci a cinya, duk motar Tarkwa da ta shigo sai na leƙa. Waya ta yi ƙara, Salamatu ce, ta gaya mini abin da ya faru. Ina tsakiyar mutane, kayaye masu dako na ture ni, yaran mota na ta kiran fasinja. Na ce, "To. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Na ɗauki kulata na dawo gida. Mata suka cika ɗaki, ni kuwa dole in zauna ido a bushe, don 'yar fari ce. Har wata tsohuwa tana yaba ni, wai Ramatu akwai kunya, ko ɗigon hawaye babu. Sai da na shiga banɗaki da bokiti, ina kwara ruwa a ƙasa don kada a ji muryata.

Itacen nan ban iya dafa koko da shi ba. Maƙwabta suka yi ta zarar ɗaya ɗaya, ina gani ban hana ba, har ya ƙare. Tukunyar tana nan kife a bayan ɗaki, yaran gida sun mayar da ita ganga.

Na san akwai masu cewa ai laifin al'ada ne, me ya sa sai an kawo ta gida? Har a fuskata an faɗa. To ni ma ina tambaya: uwata ta yi, na yi, matan zongo daga Sekondi har Kumasi sun yi, wa ta kashe lokacin da jirgi ke tsayawa? Kuma a ce ma ta zauna ba ta motsa ba, in haihuwar ta zo da gardama, ba dai wannan hanyar za a bi ba? Ba al'ada ce ta haƙa ramin ba, ba ita ce ta hana direba ba.

Na uku.

Da na ji an tsallake mu a rediyo, na kira Salamatu na ce me ya faru? Ta ce ai an zo an ƙirga su. Wai bayan ƙaramar salla wasu samari da wata budurwa suka zo a farar mota, da riguna masu ƙyalli irin na 'yan kwangila. Da rani suka zo, ka lura, lokacin da hanya ke biyuwa. Suka tsaya a dakalin tasha suna ɗaukar hoto, babu kowa sai awaki. Sannan suka bi ƙofa ƙofa suna tambaya. Sau nawa kike zuwa Kumasi ko Takoradi? Yaushe rabonki da tafiya? Kina da shirin tafiya nan gaba?

Salamatu ta ce musu, "'Ya'yana, ni ba na zuwa ko'ina." Gaskiya ta faɗa. Da me za ta je? Tsofaffin garin duk haka suka ce. Suka zo kan yarinyar, tana shara a tsakar gida. A lokacin cikin nan na biyu yana ƙarami, ko ni ba ta gaya wa ba. Macen da ta yi ɓari ba ta tallar cikinta, ɓoye shi take har sai ya fito da kansa. Yanzu wani saurayi da ba ta taɓa gani ba, da biro a hannu, a gaban uwar mijinta, shi za ta ce wa e, nan da 'yan watanni zan nemi asibiti? Ta sunkuyar da kai ta ce a'a, ba ta da tafiya. Ya rubuta. Suka sha ruwa, suka yi godiya, suka shiga mota. Daga baya asambiliman na yankin, wato kansila, ya gaya wa su Fuseini cewa an duba an ga garin ba shi da fasinja.

Ranka ya daɗe, kai mai ilimi ne, ka duba mini wannan. A ce ni in daina dama koko shekara da shekaru, sannan wata safiya in fito da kujera in zauna ina ƙirga masu zuwa sayen koko a ƙofata, in ban ga kowa ba in ce to, mutanen Alabar ba sa shan koko. Ai sai a ce Ramatu ta taɓu. Ku kuka ɗauke jirgin, kuka dawo kuna neman fasinja a kan dakali. Fasinjan suna nan. Suna cikin ɗaki da ciwon ƙafa. Suna da ayaba da rogo da ke ruɓewa a gona. Suna da 'ya'ya a Kumasi da ba su gani ba tun bikin wane. Wasu kuma suna maƙabarta, ba za su amsa tambaya ba.

Na huɗu, gajere ne.

Mun ji alkawari har kunnenmu ya yi kanta. Duk zaɓe sai an zo zongo da shinkafa da hula sabuwa a ka, a ce jirgi na nan tafe. A talabijin mun sha ganin manya da shebur da hular kwano suna tonon ƙasa, ana tafi. Ka zo Adum ka ga tashar da aka sauke ni ina amarya, gwanjo ake shanyawa a kan layin. Adiza dariya take mini, ta ce, "Yaya, mutanen da suka kasa gyara kwatar lungunmu su ne za su tsayar miki da jirgi a daji? Ki adana kuɗin datarki." Wataƙila ita ce da gaskiya. Amma wannan karon da na ji an jero tashoshi sai na ga kamar da gaske kuke, shi ya sa abin ya fi ciwo. Da babu jirgi, duka muke cikin rashi. Yanzu kuwa jirgi mai kujeru da fanka zai riƙa wucewa ta gaban ƙofar yarinyar nan, mutane a ciki suna cin biskit suna kallonta ta gilashi. Da dutse ne ke wuce ta, yanzu mutane 'yan'uwanta za su wuce ta.

Ga inda muke yau. Cikin ya fito, haihuwar kuma a tsakiyar damina za ta faɗo, kamar wancan. Ta kira ni makon jiya, ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta ce, "Mma, ki yafe mini, wannan karon ba zan zo gida ba. Ko ƙarar aboboya ba na son ji." Na ce, "Wa ya tambaye ki?" Na kashe waya na zauna a kan turmi, ban san tsawon lokacin da na yi ba.

Na kira Fuseini na ce to, in naƙuda ta zo da matsala, mene ne shirinku? Sai ya ce, "Mma, ƙyauren nan ban mayar ba. Yana jingine a bayan ɗakina." Ka ji shirin haihuwar jikana, ranka ya daɗe. A ƙasar da ake shimfiɗa sabon layi, shirinmu ƙyauren ƙofa ne da kafaɗun maza.

Don haka ni zan tafi. A zongo abin magana ne uwa ta kwashi kaya ta tare a gidan surukai wai ta zo jego, za a yi ta yi da ni a wurin suna da wurin biki. Salamatu ta ce, "Ramatu, kunyar me? Ni da ke da muka yi tsere da faranti a ka? Ki taho, ɗakina ya ishe mu." Na bar wa Adiza teburin koko. Na ƙwace tukunyata daga hannun yara na wanke ta. Zan ɗaure ta a saman lori kafin ruwa ya rufe hanya. Ruwan zafi na iya, kunun kanwa na iya. Amma in jini ya ɓalle, tukunya ba ta tsayar da shi.

Ga roƙona, ba shi da yawa.

Wanda ya fi gaggawa: na san jirgin fasinja ba zai iso kafin haihuwar nan ba, ni ba yarinya ba ce. Amma jirgin dutse yana wucewa. Ka ba direbobinsa izini a rubuce, da sa hannunka, cewa in sun tarar da mai naƙuda ko wanda ke bakin mutuwa a tasha su ɗauka, ba wanda zai kore su. Kada a sake barin dattijo a saman inji yana neman sabis. In za ku iya ɗaura tarago ɗaya mai benci a bayan na dutsen, ko da tsoho ne, ko da ba taga, mun gode. Wannan ba sai an yi taro da shebur ba, biro kawai yake so, kuma kafin damina ta yi ƙarfi muke so.

Sannan ku mayar da Tashar Rimi cikin wuraren tsayawa, ita da sauran ƙananan tashoshi irinta, don ba mu kaɗai aka tsallake ba. Ba mu ce ku gina mana bene ba. Dakalin yana nan, rimin yana nan. Ya tsaya gwargwadon yadda tsohuwa za ta hau da sandarta, ya wuce.

In kuma sai kun sake ƙirga, to ku dawo da damina, ku bar farar motarku a bakin titi ku shigo da ƙafa. Ku zo da mace babba mai jin Hausa da Fante, ta shiga ɗaki ta zauna a tabarma. Kada ta ce sau nawa kike tafiya. Ta ce ina za ki je da akwai jirgi. Za ta ji amsa har ta gaji.

Na ce zan dawo kan maganar suna. Kun ce garin ba shi da fasinja, don wadda kuka tambaya ta ce a'a. Kunya ce ta sa ta ce a'a, kunya ce ta sa na yi kuka a banɗaki, kuma na ga abin da shirun namu ya saya mana. To ga fasinja, ku rubuta. Tana zaune gida na uku daga masallaci, in ka tsaya a dakali kana hango rufinsu. A jirginku ta fara tafiya tun tana cikina, ba tikiti, gadinku ma shaida ne in yana raye.

Sunanta Memuna.

Tun da na haife ta bai taɓa fita daga bakina ba, yau ga shi na rubuta shi inda duniya za ta gani. Gobe Alabar za a ce Ramatu ta zubar da kunya. Su faɗa. Memuna, 'yata ce, ina son ta, kuma ina son in ga fuskar wannan jikan.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya sa ka gama aikinka da mutunci. Allah ya raya maka zuriya, ya sauki 'ya'yanka mata lafiya a kan gado mai tsabta. Allah kada ya nuna maka ranar da za ka durƙusa a tsakuwa kana roƙon ƙarfe. Allah ya sa takardar nan ta same ka kafin ruwa ya sauko. Amin.

In kana neman amsa mini, kada ka aiko Alabar, ba za a same ni ba. Ina Tashar Rimi, a gindin tukunya, ina sauraron kukan jirgi.

Wassalamu alaikum.

Ramatu mai koko,
uwar Memuna.